Baba ya sayar da motarsa: yadda za ka gane ko an ƙware shi

Labarin ba ya isowa sai an gama komai. Ka shigo gaisuwa, ka tarar da rumfar mota wayam, sai tabon baƙin mai a siminti da tsohuwar tamfol a naɗe a gefe. Mama ta ce ai tun ranar Talata wasu suka zo suka tafi da ita. Da ka ji kuɗin da aka biya sai ka zaro waya ka leƙa Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet, ka ga irinta an yanka mata kusan ninki biyu. Nan take zuciya ta yanke hukunci cewa an ƙwari tsoho.

Mai yiwuwa an ƙware shi ɗin. Sai dai kuɗin da ka gani a waya buri ne na mai talla, ba a kai ga ciniki ba tukuna. Kuɗin da Baba ya saye ta shekarun baya ma ba ma'auni ba ne. Tambayar da za ka bi guda ɗaya ce: wannan motar, da lafiyar da take ciki, da takardun da take da su, a makon da aka sayar da ita, a nan Kaduna, nawa mai kuɗi a hannu zai biya? Duk abin da ke ƙasa hanyar samo wannan amsar ce.

Fara daga bakin Baba

Dattijon da ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati, ko ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masaƙun Kakuri, ba ya son ɗan cikinsa ya nuna masa an yi masa wayo. In ka faɗo da "Haba Baba, ai kyauta kuka ba da ita", ka toshe wa kanka hanya. Zai ce motarsa ce, da guminsa ya saya, kuma da gaskiyarsa. Bari sai bayan la'asar ya kishingiɗa, ka ce, "Baba, Allah ya sa albarka a cinikin nan. Ina so in adana kwafin takardun ne saboda gaba. Wa ya kawo mai sayen?" Daga nan hira za ta ja kanta.

Abin da kake son ji a cikin hirar: wa ya fara kawo shawarar a sayar, wa ya fara furta farashi, mutum nawa suka taya, wane bakanike ya duba ta kuma wa ya kira shi, a hannu aka biya ko ta banki, gaba ɗaya ko kashi-kashi, an yi rubutu ko ba a yi ba. Ka kuma lura ko akwai abin da ya matsa masa a lokacin, kuɗin asibiti, cikon kujerar Makka, bikin autar gida. Mai gaggawa kullum a ƙasa yake sayarwa, kuma wannan shi kaɗai bai zama laifin mai saye ba.

Akwai amsar da in ka ji ta, sai ka ajiye binciken. In Baba ya san darajar motar, ya kuma sassauta da gangan don mai sayen tsohon direbansa ne, ko ɗan amininsa, ko ladanin masallacin layi, to alheri ya yi da dukiyarsa. Ba ruwanka.

Wani lamarin daban shi ne motar mamaci. In Baba ya rasu, Mama ko babban wa ya sayar kafin a raba gado, maganar ta wuce araha da tsada, domin motar ta magada ce duka, sai da yardarsu. Wannan wajen malami ko alƙali ake kai shi tun farko.

Wace mota ce takamaimai

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kwatanta motar da wadda ba sa'arta ba. "Camry ce" bai isa ba. Camry ta 2002 zuwa 2006 da ake ce wa Big Daddy daban, ta 2007 zuwa 2011 da ake ce wa Muscle daban. Honda Accord ta 2003 zuwa 2005, wato EOD, ba kuɗinsu ɗaya da ta 2008 ba. Ko a shekara guda, mai silinda 4 da mai silinda 6 ba su haɗu ba, haka mai giyar hannu da mai canja giya da kanta.

Nemo lambar shasi daga kwafin lasisin mota, ko takardar inshora, ko tsohon hoto. Haruffa da lambobi 17 ne. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, na 10 a jerin shi ke faɗin shekara: 3 na nufin 2003, 8 na nufin 2008, A na nufin 2010, B 2011. Yakan faru a tarar Baba ya shekara goma yana cewa motarsa ta 2006 ce alhali ta 2004 ce aka canja mata fitilu kafin a sayar masa. Yakan kuma faru akasin haka, mai saye ya rage mata shekara da baki don ya karya farashi.

Sai babban rabe-raben kasuwa: Beljiyam da ta hannu. Motar da aka shigo da ita daga waje ba a taɓa yi mata lamba a Najeriya ba, ita ce Beljiyam ko tokumbo. Ranar da aka ɗaura mata lamba ta zama ta hannu, komai ƙyallinta, kuma kuɗinta ya sauka sosai. Motar Baba ta hannu ce. In tallar da ta tayar maka da hankali ta Beljiyam ce a Legas, share ta daga lissafi.

Takardar kwastam ita ma tana da nauyi a farashi. Da yawa daga motocin da ke yawo a Arewa ta Kwatano da Maraɗi suka shigo, wasu an biya musu cikakken haraji, wasu rabi, wasu ko sisi. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma mai saye yana tsoron a tare shi a hanyar Zariya ko ta Abuja a nemi takarda. Motar da takardar kwastam ɗinta ta ɓata ko ake shakkar ta, dole kuɗinta ya yi ƙasa da na 'yar'uwarta mai cikakkun takardu. Peugeot ɗin da aka harhaɗa a kamfanin PAN na Kakuri, wanda ya fara aiki a 1975, ba ta da wannan damuwar. Abin da ake nema a wajenta shi ne rasit na asali, ko takardar gwanjo in daga ma'aikata ta fito, kamar waɗanda ma'aikata suka saya bayan tsarin mayar da alawus kuɗi na 2003.

Lafiyarta a ranar da ta bar gida

Nan ne 'ya'ya suka fi yaudarar kansu, nan ne kuma masu saye suka fi yaudarar iyaye.

Ɗa yana tuna motar ne kamar yadda take lokacin da ake kai shi makaranta. Yana cewa ai Baba ba ya zuwa ko'ina da ita, daga masallacin Juma'a sai banki karɓar fansho. Gaskiya ne, kuma abin so ne a kasuwa: hannu ɗaya, tafiya kaɗan, ba ta yi haya ba, kujeru ba su yage ba. Dillalai suna farautar motar tsoho saboda haka. Amma ajiya ma tana cin mota. Wadda ta yi shekara ɗaya ko biyu a rumfa, batirinta ya mutu. Tayoyin zanensu na nan amma gefensu ya tsattsage. Fetur ya tsufa a tanki ya toshe famfon mai da nozul. Birki ya kama. Robobin inji sun bushe sun fara ɗigar da mai. Iskar AC ta zurare. Ɓeraye sun yi gida a bayan dashbod sun gaigaye wayoyi. In a fili take, rana ta kashe fentin rufi da na bonet, ruwan damina kuma ya sami kafa ya kwanta a ƙarƙashin kafet har tsatsa ta kama.

Duk waɗannan gaskiya ne, kuma dole a cire kuɗinsu. Abin lura shi ne yawancinsu ƙananan gyare-gyare ne masu sanannen farashi. Mai saye mai wayo yakan tara su ya zazzage wa tsoho a lokaci guda, har Baba ya ji kamar gawa yake sayarwa. Motar da ta ƙi tashi saboda batir da famfon mai, sai a ce masa "Alhaji, ai injin ya tafi".

Manyan cututtukan da ke karya farashi da gaske ba su da yawa. Inji mai shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi. Gasket da ya ƙone bayan mota ta yi zafi, alamarsa mai ya gauraya da ruwa ya koma kalar shayi da madara a murfin zuba mai. Giya mai fizga ko mai jinkirin shiga. Shasi da ya lanƙwashe a haɗari aka miƙe. Motar da ruwa ya taɓa shanyewa. Sai indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wadda wasu kanikawa ke cirewa su sayar ba da sanin mai mota ba. Wasu samfuran kuma kasuwa ta riga ta san halinsu: Camry mai injin 2.4 ta 2007 zuwa 2009 ta yi suna wajen shan mai, EOD mai silinda 6 kuma wajen matsalar giya. Mai saye zai rage kuɗi saboda wannan sunan ko da ta Baba lafiyarta ƙalau.

Tunda motar ta tafi, shaidarka a wajen mutane take. Je wurin bakaniken da ya saba duba ta, ban da wanda aka kawo ranar ciniki, ka tambaye shi aikin ƙarshe da ya yi mata da abin da ya ce a canja ba a canja ba. Tambayi rewaya da mai gyaran AC. Duba hotunan Sallah da na biki da motar ta fito a ciki, za su nuna fenti da jiki. Fentin kamfani da ba a taɓa sakewa ba, wanda dillalai ke kira fes bodi, yana ƙara kuɗi ƙwarai. In an bar tsohuwar safaya a gida, duba lambobi 4 na ƙarshe a gefenta: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. In sauran tayoyin sa'anninta ne, ka san mai saye sai ya canja duka huɗun.

Da ka haɗa jerin abin da ya lalace, shiga kasuwar kayan gyara ta Panteka da takarda a hannu. Tambayi kuɗin kowane abu a shago biyu ko uku, na Beljiyam da sabo, ka haɗa da kuɗin aiki. Kar ka ce musu bincike kake yi, tambaya kawai irin ta mai gyara.

Mota ɗaya, farashi uku

Akwai kuɗin da ake yankawa a talla, akwai kuɗin da ake sallamawa ga wanda zai hau, akwai kuma kuɗin da dila ke saye don ya sayar. Wanda bai raba ukun nan ba zai zargi mutumin kirki, ko ya wanke macuci.

Nemo tallace-tallace 5 ko 6 na motar da ta dace da ta Baba a samfuri, shekara, inji da giya, duka na hannu, daga Kaduna, Zariya, Kano ko Abuja. Jiji da Facebook sun isa. Jefar da mafi tsada da mafi araha, domin na sama yawanci mafarki ne, na ƙasa kuma ko dai tana da ciwon da aka ɓoye ko tarkon 'yan damfara ne. Sauran ka kira su ɗaya bayan ɗaya kamar mai saye, ka taya, ka bari a ce albarka, ka ƙara, har ka ji inda mai ita ya tsaya. "Nawa ne gaskiyarta in na zo da kuɗi yau?" Wannan amsar ita za ka rubuta.

Sannan ka juya riga. Je wuraren sayar da motoci guda uku da ba su san juna ba, misali ɗaya a cikin gari, ɗaya wajen Kawo, ɗaya ta Barnawa ko hanyar Kachiya, ka ce kana da mota kaza, ga hotonta, ga abin da ke damunta, nawa za su saya. Abin da za su faɗa zai yi ƙasa da na farko, kuma ba zalunci ba ne. Dila zai gyara, ya wanke, ya biya kuɗin fili, ya sallami yaran da suka kawo mai saye, kuɗinsa kuma su kwanta wata ɗaya ko uku.

Kar ka manta da lokaci. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin Naira a watan Yunin shekarar, Dalar da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Kuɗin fito da mota daga tashar ruwa ya bi ta, Beljiyam ta yi tsada, masu saye suka koma kan na hannu, su ma suka tashi. Wannan shi ne ramin da dattawa da yawa suka faɗa. Baba ya sayi mota Naira miliyan 1.8 shekarun baya, yau an taya ta miliyan 2.5, sai ya ga ai har riba ya ci bayan ya more ta. Bai san Nairar ce ta zube ba. A lokaci guda tsadar fetur ta sa manyan injina sun yi kwantai, ƙananan irin su Corolla suka ƙara farin jini. Saboda haka in cinikin ya kwana biyu, ka nemi farashin watan da aka yi shi. Tsofaffin tallace-tallace a Facebook da zaurukan WhatsApp na dillalai suna ɗauke da kwanan wata.

Ga yadda lissafin yake, da alƙaluman misali kawai. A ce tallace-tallacen sun taru a wajen Naira miliyan 6, da ka taya kuma suka tsaya a miliyan 5.4. Waɗannan lafiyayyu ne, a saya a hau. Ta Baba tana neman taya 4, batir, kwamfaresan AC, fentin rufi da sabunta takardu, Panteka ta ba ka jimillar Naira dubu 900. Saura miliyan 4.5, shi ne abin da mai hawa zai biya. Dilolin da ka zagaya sun tsaya a wajen miliyan 4. To darajar motar tana tsakanin miliyan 4 da miliyan 4.5. In Baba ya karɓi miliyan 3.8, ciniki ne mai ɗan rauni, irin wanda kowa ke yi in yana son kuɗi a yau. In miliyan 2.8 ya karɓa, giɓin ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku, kuma akwai abin tambaya.

Ga tsofaffin motoci sosai, irin su 504, 505 ko Marsandi ta da, akwai wani ma'aunin na ƙasa: nawa za ta bayar in aka yanka ta? Inji, giya, ƙofofi, gilasai, sauran ƙarfen kuma 'yan gwangwan su auna. Motar da ke tashi tana tafiya da ƙafarta, aka saye ta ƙasa da kuɗin kayan cikinta, ba sai an yi dogon lissafi ba.

Yadda aka yi cinikin ya fi kuɗin magana

Araha kaɗai ba ta tabbatar da cuta. Hanyar da aka bi aka kai ga arahar ita ke nunawa, kuma hanyoyin sanannu ne.

Akwai tayin haɗin baki. Mutum na farko ya taya miliyan 3, Baba ya ce albarka. Kwana biyu wani ya zo ya zagaya motar, ya taɓe baki, ya taya miliyan 2.4. Na uku ya ce shi ko miliyan 2 ba zai iya ba. Baba da kansa zai sa a kira na farkon, shi kuma ya ce ai yanzu kuɗin sun ragu. Duk ukun tafiyarsu ɗaya. Tambayi mai gadi ko yaran layi ko mota ɗaya ce ta riƙa sauke su.

Akwai bakaniken da mai saye ya zo da shi. Ya buɗe bonet, ya sa hannu, inji ya fara rawa. Zare wayar filogi ɗaya ya isa ya sa lafiyayyen inji ya yi kamar zai faɗo. In motar lafiya take tafiya har safiyar ranar, ciwon bai bayyana ba sai da baƙon hannu ya taɓa ta, rubuta wannan.

Mafi ciwo shi ne na gida. Direba, ko bakaniken da aka shekara ashirin tare, ko wani ɗan'uwa, ya yi ta sanyaya wa Baba gwiwa cewa motar nan ta zama cin kuɗi, gara a rabu da ita, shi zai nemo mai saye. Ashe shi ne mai sayen, ya sa wani a gaba. Ko kuma ya karɓe ta ya kai wajen sayarwa, ya sayar miliyan 4.3, ya dawo ya ce miliyan 3 aka saya, ya kuma karɓi la'ada a kai. Bayanin asusun banki yakan tona wannan: duba sunan wanda ya turo kuɗin, ka gwada da sunan da ke takardar ciniki. In ta asusun dillali kuɗin suka biyo, nemi lambar ainihin mai sayen ka tambaye shi cikin ladabi nawa ya biya. Sau da yawa shi bai san komai ba, zai faɗa maka.

Ka kuma sa ido a intanet. Motar da dila ya saya takan fito a talla cikin 'yan kwanaki. Za ka gane ta da lamba, ko sitikar da ke gilashin baya, ko lotsawar da ka sani a bamba. Ɗauki hoton tallar da kwanan watanta. Amma ka tuna kuɗin talla ne, kuma wataƙila an riga an kashe mata kuɗin fenti da taya.

Sai lafiyar Baba kansa. In ya fara mantuwa, yana maimaita tambaya, yana rikita lissafin kuɗi, ko bai tuna ya sa hannu a takarda ba, wannan ya canja komai. A kai shi likita ya duba shi, a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, don lafiyarsa da farko, sannan rahoton likita shi ne abin da alƙali zai saurara, ba faɗar 'ya'ya ba.

In ta tabbata an ƙware shi

Kar ka ɗora buri da yawa a kan kotu. A dokar ciniki ta ƙasa, baligi mai hankali in ya sayar da kayansa da yardarsa, ƙarancin kuɗi kaɗai ba ya warware ciniki. Sai an nuna ƙarya, ko yaudara, ko an yi amfani da amana da rauninsa an juya shi. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a ke bi ma, sanannen ra'ayi shi ne gubunu, wato ƙwara a farashi, shi kaɗai ba ya sa a mayar da ciniki, sai ga wanda bai san farashi ba ya miƙa wuya ga abokin cinikinsa, ya ce saya yadda mutane ke saye, shi kuma ya yi masa ƙarya. Ibn Asim, malamin Malikiyya, a littafinsa Tuhfa ya kawo sharuɗɗa uku ga mai kukan gubunu: kada a wuce shekara, ya zamana bai san abin da ya yi ba, kuma giɓin ya kai sulusi ko fiye. Shi ya sa lissafin sulusin nan na sama yake da amfani. Wakilin da aka ba shi kaya ya sayar kuwa, ba shi da damar sayar wa kansa ba da izini ba, kuma duk abin da aka biya na mai kaya ne, shi la'adarsa kawai yake da ita. Ƙarar da ta fi ƙarfi ke nan, ta fi ta "an saya da araha" nesa.

Mai magana a nan Baba ne, shi ya sayar. In ya ce a bar wa Allah, ka faɗa masa abin da ka gano sau ɗaya, a natse, ka bar shi. In ya yarda a bi, a fara da sulhu. Kusan kowane wajen sayar da motoci yana da shugaba da dattawa, kuma ba sa son a ce a filinsu aka cuci tsoho. Je da wani babba, kawu ko mai unguwa, da takardar lissafinka, da hoton tallar, da bayanin banki. Ba a zuwa da zagi. "Alhaji, Baba ya sallama maka bisa amana, ga abin da muka gani, a duba a yi masa ciko." Abu biyu ake nema, ko ciko, ko iƙala, wato a mayar da mota a mayar da kuɗi. In iƙala ce, a shirya biyan abin da mai saye ya kashe na gyara mai rasit, kuma a tabbatar kuɗin na nan Baba bai taɓa su ba. Ciko ya fi sauƙin samu, ko da bai cike giɓin duka ba.

'Yan sanda ba wajen sasanta farashi ba ne. Ana zuwa wurinsu in akwai laifi a fili: alat na bogi, cikon kuɗin da aka gudu da shi, sa hannun jabu, ko dillalin da ya ɓoye kuɗi ya ƙi fitowa. Kafin ka shigar da ƙara kuma, auna giɓin da kuɗin lauya da zirga-zirgar da za a riƙa yi da tsoho.

Takardun da aka bari a baya

Ko an ƙware shi ko ba a ƙware shi ba, akwai aikin da bai kamata ya kwana ba. Yawancin irin wannan cinikin ana yin sa ne a tsakar gida, a miƙa makulli da fayil, a yi addu'a a watse. Lambar motar kuwa tana nan da sunan Baba da adireshinsa. In aka buge mutum da ita aka gudu, ko aka kama ta da kayan laifi a wani gari, ƙofar gidan da ke cikin rajista za a ƙwanƙwasa.

A rubuta takardar ciniki ko da a makare: sunan mai sayarwa da mai saye, adireshi da lambar waya, samfurin mota, lambarta, lambar shasi da ta inji, kuɗin da aka biya, rana da lokacin da aka miƙa ta, sa hannun shaidu 2, da kwafin katin shaidar mai saye. Lokacin miƙawa yana da muhimmanci, shi ke raba abin da ya faru a hannun Baba da abin da ya faru bayansa. A matsa wa mai saye ya je ofishin rajistar motoci na hukumar tara haraji ta jihar, KADIRS, a canja sunan mallaka, ka karɓi kwafin sabuwar takardar. In ya yi ta ja maka rai, ko an riga an sayar da ita hannu na biyu ba a san inda take ba, a kai Baba kotu ya yi takardar rantsuwa cewa ya sayar da mota mai lamba kaza ga wane a rana kaza, a kai kwafi ofishin 'yan sandan unguwa a sa musu hannu a kan naku. A sanar da kamfanin inshora. Asalin takardun a ajiye a fayil ɗin fanshonsa, inda ba ya ɓata, kai kuma ka ɗauki hotonsu a waya.